Faifan Ɗan Fari

Ku yaran nan da aka turo mana koyon aiki, jiya na ji ku a baranda kuna cewa shirin Malam Buba ai ba aiki ba ne, zama ne a ɗaki mai sanyi a sa faifai, in ya ƙare a ce ya yi daɗi. Ban ji haushi ba, dariya ma kuka ba ni. Ɗayanku har ya nuna mini yadda yake nasa sharhin a waya: ya saurari rabin waƙa, ya ɗaga babban yatsa, ya ce ta haɗu. To madalla. Tunda yau janareta ya ƙi tashi kuma babu inda za mu, ku gyara zama in ba ku labarin faifan da ya fi kowanne ba ni wuya tun da na fara wannan sana'a.

Wata Talata da hantsi Baba Anozie ya sauka daga adaidaita a ƙofar gidana a Rijiyar Lemo, yana dogara sanda. Shi ne maigidana a sana'a, Inyamuri ne haifaffen Sabon Gari, wanda in yana Hausa a bayan labule za ka rantse ɗan cikin birni ne. Ko zama bai yi ba ya miƙo mini faifai, ya ce in sa shi a shirina na rediyo na ranar Asabar, in yi masa sharhi kamar yadda nake yi wa kowane. Na duba bangon sai ga hoton saksofon, wannan ƙahon Turawa mai lanƙwasa kamar lofe, kuma mai riƙe da shi ɗana ne na fari.

Ya ce akwai sauran magana. Yayana Alhaji Sale, wanda ke da shagon atamfa a Kantin Kwari, ya yanke cewa bayan Sallah yaron zai ajiye busa ya karɓi shago. Yaron kuma ya shaida wa Baba cewa ba zai ja da baffansa ba, abu ɗaya kawai yake jira. In uban da ya haife shi, wanda duk Kano ta san kunnensa, ya ji faifan bai ga abin faɗa ba, to zai mayar da ƙahon cikin akwatinsa ya tafi auna yadi. Kun ji abin da aka ɗora mini, ni da kuke cewa ina hutawa a ɗaki mai sanyi.

Kafin ku gane wuyar abin sai kun san yadda aka koya mini aikin. Ina saurayi mahaifina ya kai ni Kwari wajen yayana, na kasa. Mai saye na tambayar farashin shadda, ni kunnena na wajen rediyon maƙwabci. Da aka gaji da ni sai na riƙa sulalewa Sabon Gari, inda Baba Anozie ke da shagon faifan garmaho. Da rana yana sayar da faifai, ƙarshen mako yana busa saksofon a otal tare da ƙungiyarsu. Ya gan ni ina tsayuwa a bakin ƙofa kullum ba na sayen komai, sai ya ba ni ƙyalle ya ce tunda ba ni da aikin yi in goge faifai.

Goge faifai ma ilimi ne. Ana bin zaren ne a zagaye, ba a ratsa shi. Ba a kama shi sai ta gefe. Ba a kwantar da shi, a tsaye ake jera shi nesa da kwano, domin zafin Kano kan lanƙwasa faifai ya koma kamar marfin tukunya. Allura kuwa in ta dakushe ta cinye maka waƙa, sai ka ji mai busa kamar yana mura. Da kaset ya zo muka koyi juya zare da biro da liƙa shi da jan farce in ya tsinke. Duk wannan bai dami Baba ba kamar wasu sanduna biyu gajeru na katakon maɗaci da yake ajiyewa a kan kanta, sun yi baƙi da santsi saboda hannu.

Ranar da ya fara miƙo mini su, ya sa wani faifan mutanen Kyuba ya ce in bi. Su mutanen Kyuba duk kiɗansu a kan bugun sanda ɗaya yake zaune, suna ce masa kilabe: a buga uku, a ɗan numfasa, a buga biyu, a koma. Ganguna, fiyano, masu busa, kowa da inda zai bi, amma ba mai taka wannan bugun. Na ce a raina wannan ai ko yaron goye ya yi. Ban kai tsakiyar waƙar ba na ɓace, na juya bugun ya koma baibai. Baba ya ɗaga allura ya mayar farko. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Daga baya abin ya shiga jikina, har ya zama in na ji ukun nan ba ni da sukuni sai na ji biyun, ko da kuwa mai faskare ne ke sara a bayan gida.

Shi jaz kuma, kiɗan baƙaƙen Amurka, wani abu ne dabam, a wajen fiyano da ƙaho yake. Mai fiyano zai danna sautuka tare waɗanda in ka ji su su kaɗai za ka ce faɗa suke yi. Na taɓa ce wa Baba wannan mutumin ya yi kuskure. Ya ce in je in shinshina daddawa ita kaɗai, sannan in dawo in gaya masa ko zan sha miyar kuka babu ita. Daga ranar na daina saurin cewa an yi kuskure, na koyi jira in ji inda mai kiɗa zai kai sautin ya sauke.

Masu sayenmu su ne makarantata ta biyu. Akwai direbobin manyan motoci masu son kiɗan Kwango, wanda shi ma in ka saurara jikan na Kyuba ne. Akwai ma'aikatan jirgin ƙasa, akwai malaman asibiti. Amma ba wanda ya kai telolin Fagge kunne. Wani Malam Ɗanjuma tela yakan zo ya ce a sa masa faifai, ya zauna a benci ya rufe ido yana taka ƙafa kamar yana kan keken ɗinki. In ƙafar ta tafi daidai har ƙarshe ya saya, in ta yi tuntuɓe ya tashi ya yi mana sallama. Shi ya sa har gobe ba na yanke hukunci a kan faifai da manyan lasifikan situdiyo. Sai na ɗauke shi na je na ji shi a ƙaramar rediyo a teburin mai shayi, cikin ƙarar babura, domin a nan masu saurarena za su ji shi.

Ta hanyar shagon na shigo gidan rediyon nan. Wani mai gabatar da shiri yakan zo aron faifai, in riƙa yi masa bayani, har ya gaji ya ce in zo in faɗa da bakina. Ranar da zan fara, Baba ya kira ni bayan kanta ya ba ni doka ɗaya. Ya ce shi ya yi busa a faifai da dama a zamaninsa, amma ba ko ɗaya da aka rubuta sunansa, sai na shugaban ƙungiya kawai. Har yau in an sa su a biki mutane na rawa da numfashinsa ba su san shi ba.

"Buba, yabo ko suka, wannan naka ne," in ji shi. "Amma duk wanda ya sa hannu a faifai ka kira sunansa, har mai kaɗa ƙararrawa. Ran da ka tsallake mutum ɗaya, kada ka ƙara cewa ni na koya maka."

Ban taɓa tsallakewa ba. Na sha karya harshena a kan sunayen mutanen Kyuba da na Amurka, masu saurare na bugo waya suna dariya, amma na kira su.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda waya ta cinye kasuwar faifai. Kowa ya koma tura waƙa a memori, kamfanin da ke ɗaukar nauyin shirina ya janye, aka ce in huta tukuna. Na kafa tebur da kwamfuta a gefen Titin Ibrahim Taiwo ina tura wa yara waƙoƙin da ko sunan mai su ba sa tambaya, cewa kawai suke a cika. Baba ya bayar da rabin shagonsa haya ga mai sayar da caja. Fayafayan da ba su sami wuri ba ya sa aka hau da su rufi, zafin bazara ya lanƙwashe su kaf. Ranar da muka sauko da su na ga dattijon nan yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, na ji baƙin ciki ƙwarai.

A wannan shekarar ce, da shago ya zama ba kowa, yaron nawa ya fara zuwa wajen Baba bayan makaranta. Ni ban kai shi ba, ban kuma hana shi ba. Baba ya fito da tsohon ƙahonsa ya koya masa jiƙa ɗan bakin karan da ake busawa, da riƙe sauti ɗaya har numfashi ya ƙare. Farkon abin kamar ana yanka akuya, har mai caja ya yi barazanar tashi. Nakan zo in zauna a benci a waje in buɗe jarida, in na ji zai fito in miƙe in yi gaba. Shekara da shekaru muna haka. Aka dawo da shirina, ya girma, ya haɗa ƙungiyarsa, bai taɓa busa a gabana ba, ni kuma ban taɓa nuna na san yana yi ba.

Na ga kuna kallon juna. Ku 'yan yanzu uba na ɗaukar hoto da ɗansa ya watsa wa duniya. Mu asalinmu Fulanin Gombe ne, kakana ya zo Fagge fatauci ya zauna. Fillancin ya gudu tun tuni, ya bar mu da kunyar kawai. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ba ya nuna ma nasa ne a gaban mutane. Mahaifina har ya koma ga Allah ban ji ya ce Sale ba. Ni ma yaron nan tun ranar suna ban furta sunansa ba. In ina nemansa sai in ce ina yayan su Hauwa, in yana kusa in ce kai. Ga dokar gidanmu, ga dokar Baba Anozie, ga Asabar tana tahowa.

Na fara da abin da na iya, wato sauraro. Na rufe ɗaki na ɗauko sandunana. Waƙar farko konga ce ta buɗe ta, dogayen gangunan nan da ake bugawa da tafin hannu, sai fiyano ya shigo yana maimaita 'yar gajeruwar jimla yana zagayawa, sannan ƙaho ya faɗo daga sama. Na bi da sanda ina jiran inda zai taka bugun in kama shi. Bai taka ba. Yakan yi nisa har in ce ya ɓace, ya bi ta wasu sautukan jaz masu ɗaci, sai ga shi ya dawo ya sauka daidai kan biyun kamar dama can yana lissafe. Muryar ƙahon mai kauri ce da ɗan kaushi a ƙasa, irin ta Baba, amma yadda yake lanƙwasa ƙarshen sauti na masu algaita ne, wannan ba a Sabon Gari ya samo shi ba.

Waƙa ta uku ya sa mata suna Telolin Fagge, a nan ne na ajiye sanda. Ya kawo mai kalangu daga cikin makaɗan mahauta ya zaunar da shi kusa da mai konga. Kalangu ya yi magana, ƙaho ya amsa masa da irin muryarsa, konga na riƙe da ƙasa, mai fiyano na zuba musu daddawa. Na sha jin an gwada haɗa kiɗanmu da na waje, yawanci sai ka ji kamar an zaunar da baƙi biyu a benci ɗaya ba mai jin yaren wani. Wannan kuwa hira suke yi har da tsokana. Na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗaki da furfurata, murna ta cika ni.

Ta huɗu kuma mai sanyi ce, irin wadda ake rawarta a hankali, a nan na sami abin da zan soka. Ya fara ta da kyau, amma da ya shiga busa ya ƙi fita. Bai bar wa mai fiyano ko ƙofa ba, ya yi ta zuba kamar mai tsoron a karɓe masa magana. Na ce wannan halin baffansa ne Alhaji Sale in ya kama ciniki. Na ji daɗin samun aibin nan ƙwarai, domin sharhin da babu suka a ciki ba mai yarda da shi, balle na uba.

Na kai faifan teburin mai shayi, ya ci jarrabawa. Na kai wa Malam Ɗanjuma, wanda yanzu ido ya yi rauni 'ya'yansa ke ɗinkin, ƙafarsa ta tafi tiryan-tiryan sai a ta huɗu ta tsaya. Saura suna. Na roƙi shugabar sashenmu ta ba wani ya gabatar, ta ce duk gidan ba mai bambance konga da turmi sai ni. Na ce to zan ce wani matashi ne daga Rijiyar Lemo. Ta tuna mini cewa yanzu ba shago ake zuwa a nuna bango ba, suna ake rubutawa a waya a nemo waƙa, in babu suna kamar ban sa faifan ba ne. Mai ɗakina kuwa da na nemi shawararta ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce ita ba ruwanta, ita ma ai ba ta taɓa kiransa ba.

Ranar Asabar da la'asar Baba Anozie ya riga ni zuwa situdiyo, wai ya zo shan sanyi. Ya zauna a kujerar baƙi da sandunansa a aljihu. Jar fitila ta kama, na yi sallama, na sa waƙar farko da ta uku. Na yi bayanin kilabe da yadda kakannin mutanen Kyuba suka tafi da ganguna daga wannan nahiya, yau ga su sun dawo sun tarar da kalangu a gida. Na ce wannan faifai ne da zan ajiye kusa da waɗanda na fi so. Na ce mai busa yana da kunne da haƙuri, ban da a waƙa ta huɗu, inda ya manta cewa shiru ma kiɗa ne. Na kuma shaida wa masu saurare cewa na san gidan su mai busan, saboda haka su ji da kunnensu kada su dogara da nawa.

Sannan na ɗauki bango na fara kiran suna. Ngozi a kan fiyano, wadda ke kaɗa wa cocinsu ranar Lahadi. Chinedu a kan konga. Sande mai babbar jita. Ɗanlami mai kalangu. Isiyaku mai ƙararrawa da sanduna. Na ce, "Mai busa saksofon kuma, wanda ya tsara waƙoƙin duka," sai bakina ya tsaya.

Kun dai san babu abin da gidan rediyo ya tsana kamar shiru. Mai kula da na'ura yana ta yi mini alama ta bayan gilashi. Gumi ya keto mini cikin sanyin nan da kuke ƙyashi. Ina ganin sunan a rubuce, harshena ya ƙi ɗagawa, kamar mahaifina na tsaye a bayana. Baba Anozie bai dube ni ba. Ya zaro sandunansa a hankali, ya matso kusa da makirfo, ya buga uku. Ya tsaya da hannu a sama.

Shekarun da na yi a shagonsa ne suka amsa, ba ni ba.

"Umaru Buba," na ce.

Baba ya mayar da sanduna aljihu ya ce wa mai na'ura ya sa waƙa ta gaba.

Kafin mu fito wayar situdiyo ta ɗauki zafi. Malam Ɗanjuma ne ya fara samun layi, bai ce komai a kan kiɗa ba, dariya kawai ya yi ta yi har aka katse shi. Wasu na tambayar a maimaita sunan su rubuta, na bar wa mai na'ura wannan aikin. A Kwari, an ce 'yan layin su Alhaji Sale sun taru a shagonsa suna yi masa barka kamar an yi haihuwa. Da magariba ya kira ni, na ɗauka ina jiran faɗa, domin shi ma ɗan fari ne, ya san nauyin abin. Sai ya ce shi bai taɓa jin nasa sunan a bakin mahaifinmu ba, kuma tunda har na iya buɗe baki a gaban duk Kano, shi ba zai ce a ajiye ƙaho ba. Ya ƙara da cewa ta huɗun ma shi bai ji tsawonta ba. Na ce ai dama ba zai ji ba.

A gida mai ɗakina ta ajiye mini tuwo ba ta yarda mun haɗa ido ba, kafaɗunta na rawa a cikin mayafi. Washegari da safe ina zaune a zaure sai ga yaron ya shigo gaisuwa. Ya durƙusa nesa kamar kullum, kansa a ƙasa, ya tambayi kwanana da gajiya. Na amsa ina kallon bango. Ba wanda ya ta da zancen rediyo. Har ya miƙe ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya.

"Baba, an ce ta huɗu ta yi tsawo."

"Ta yi," na ce.

"Za a rage."

Ya fita, na ji shi a ƙofar gida yana yin fito da baki, waƙar telolin nan, bai ma jira ya yi nisa da gidan ba. Yanzu ƙungiyarsu na wasa duk ƙarshen mako a wani otal a Titin Ibrahim Taiwo, Baba Anozie na zaune a gaba yana gyara musu da sanda. Ni ma nakan je, in zauna can baya da jaridata.

Kai mai babban yatsa, karɓi sandunan nan, in an kawo wuta za mu fara da waƙar farko. Sunan mai busan kuwa yana jikin bango, sai ka karanta da kanka. Sau ɗaya na faɗa a rediyo, sau ɗaya na faɗa muku yau, ya isa haka.